Filin Tambaya da Amsa: Da aka 'yanta bayi, ina suka nufa, me suka ci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru. Tun a sakandare aka koya mana cewa da Turawa suka ci ƙasar Hausa sun hana bauta, daga nan sai aka wuce wani babi. Abin da ke damuna shi ne, mutanen nan da aka 'yanta, ina suka nufa? Wa ya ba su gona? Wane aiki suka kama? Kuma a nan Zazzau akwai inda za a nuna a ce nan suka zauna?
Daga wani ɗalibi, Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka. Tarihi na koyar a sakandare har na yi ritaya, na san babin da kake nufi, layi uku ne sai a juya shafi. To a ƙasar nan babu wata rana guda da aka wayi gari aka yi shela cewa kowane bawa ya kama gabansa. A 1901 Gwamna Lugga ya kafa dokar da ta hana kamun bayi da cinikinsu, ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, ta kuma ce kotun gwamnati ba za ta ƙara sanin mutum a matsayin dukiyar wani ba. Amma ba ta ce riƙe bawan da ke hannunka laifi ne ba. Lokacin ma Turawa ba su zauna a Zariya ba sai a 1902, Kano da Sakkwato kuwa sai 1903. Dokar da ta soke bautar ɗungurungum a 1936 ta zo, ita ma sai da ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi ta matsa wa Ingila da tambaya. Ka ga ke nan wanda aka haifa a watan Maris na 1901 ya kai shekara 35 yana bawa a gaban alƙali, ƙaninsa kuwa da suka sha nono ɗaya ɗa ne.

Mutanen ba kaɗan ba ne. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wajen 1900 bayin da ke Daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi, kuma Zazzau na cikin masarautun da suka fi tara su, don ita ce a bakin ƙasashen kudu inda ake kai hari, ga Keffi da Nasarawa da Jama'a suna aiko da gaisuwa, bayi na ciki. Galibinsu a rinji aka zaunar da su, wato ƙauyen gona na wani basarake ko attajiri ko babban malami. In kana son ka ga wuri da idonka, ba sai ka yi nisa ba. Duk ranar da ka hau mota daga Samaru za ka Kwangila, Hanwa na nan gefenka, Biye kuma ba ta da nisa da makarantarku. Wani Ba'amurke masanin tattalin arziki, Jan Hogendorn, ya yi bincike a kan gandayen bayin da aka yi a wuraren nan biyu, aka buga a 1977. Sai dai kada ka je ka riƙa yi wa mutane kallon tambaya. Yau mazauna wuraren daga ko'ina suka zo, gari ya riga ya haɗiye gonakin Hanwa.

Ka fara sanin yadda yinin rinji yake, don a nan amsar take. Da damina bawa zai yi sammako ya taɓa 'yar gayaunarsa, wato ɗan filin da aka yanka masa ya noma wa kansa. Hantsi na yi sai a fita gandun ubangida, sarkin gandu na gaba, a jera kunya-kunya maza da mata, a kawo abinci daga gida da tsakar rana, a tashi wajen azahar. Sauran yinin nasa ne, ya koma gayauna ko ya kama saƙa ko tukar igiya. Abin da ya noma a gayaunar nasa ne, amma ƙasar ba tasa ba ce, bukkar da yake kwana ba tasa ba ce, sau da yawa matar ma ubangida ne ya ba shi ita. Duk wanda ka ce wa ya zama ɗa ba ka ce komai a kan waɗannan ukun ba, to ka bar shi a inda ka same shi.

Waɗanda suka fara motsi su ne sababbin kamu, waɗanda ba su manta harshensu da hanyar gida ba. Da suka ga dakarun sarakuna sun karye sai suka yi ta sulalewa da dare, wasu ɗaiɗai, wasu rinji guda, suka nufi ƙasashen Gwari da Kadara da Kaje da Jaba da Katab inda aka kamo su. An ƙiyasta cewa a shekara goman farko wajen mutum 200,000 suka gudu a faɗin Arewa. Wasu sun tarar da dangi, wasu kufai suka tarar. Wannan gudun ya tsorata Turawa fiye da yadda littattafan makaranta ke faɗa. Su 'yan tsiraru ne, da sarakuna suke mulki, arzikin sarakuna kuwa a gandu yake, in gandu ya mutu babu hatsi babu haraji. Sai Lugga ya umarci razdanoni, wato Turawan da ke riƙe da larduna, su hana guduwar ta bayan gida: kada a ba gudajjen bawa gona a wani gari, kada a bar shi ya fake a bariki, in an gan shi yana gararamba ba sana'a a kama shi da laifin zaman banza. Tawayen Satiru na 1906 kusa da Sakkwato, wanda gudaddun bayi da yawa suka shiga, ya ƙara sa Turawa da sarakuna suka haɗe kai a kan haka.

Ƙofar da aka bari a buɗe ita ce ta alƙali. Bawa zai je ya ce yana son fansar kansa, a kira ubangidansa, su gurfana, a yi ta ja har alƙali ya yanke kuɗi, a rubuta. Daga nan sai ya shiga nema. Kafin ya gama biya yana kan murgu, wato an sake shi ya yi nomansa ko sana'arsa amma yana kai wa ubangida abin da aka yanka masa lokaci-lokaci, kuma murgu dabam, kuɗin fansa dabam. Ana cikin haka sai ga mai karɓar haraji, shi kuwa ba ruwansa da ɗa ko bawa, baligi kawai yake ƙirgawa, daga baya ma aka ce ba a son wuri ba a son dami, sai sulalla. Baki uku ke nan a kan fartanya ɗaya. Ran da ya cika kuɗin sai a ba shi takardar 'yanci, ya naɗe ta ya adana kamar laya, don ita ce shaidarsa in magadan ubangida suka taso daga baya. Gwamnati ba ta biya iyayengiji ko anini ba, bawan ne ya biya diyyar kansa da guminsa. Fansa ba baƙuwa ba ce a shari'a, aya ta 33 a Suratun Nur ta yi umarni a rubuta wa bawa yarjejeniyar fansa in ya nema, amma ayar ba ta tsaya nan ba, ta ce a ba su daga dukiyar da Allah ya ba ku. Tsarin da Turawa suka shimfiɗa rabin farko ya ɗauka, bai tanadi komai a kan na biyun ba.

Ina za a samo sulallan? Ga amsar tambayarka ta aiki. Hanyar dogo daga Baro ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911, aka kuma ja wani ƙaramin layi daga nan Zariya zuwa ƙasar Jos inda ake haƙar kuza. Aikin dogo, dako, haƙar kuza, shiga soja, leburanci a injin gurzar auduga da Turawa suka kafa a Zariya, duk sun sha bayi da 'yantattu, haka ma noman gyaɗa da ya ɓarke a ƙasar Kano daga 1912. Ba duka ne aikin ganin dama ba. Leburorin dogo da yawa ta hannun hakimai da dagatai aka tattaro su, a ce kowane ƙauye ya kawo mutum kaza. Wa kake jin dagaci zai tura? Ba dai ɗan cikinsa ba. Duk da haka wannan aikin ne ya fara sa wa mutane da yawa kuɗi a hannu wanda ba ta hannun ubangida ya biyo ba, da shi wasu suka fanshi kansu, suka dawo suka fanshi mata da uwa. Ƙwadago da cin rani da muke gani har yau a lokacin suka yi ƙarfi, don mai gandun da bayi suka watse masa dole ya sunkuya da kansa ko ya biya a yi masa.

Mafi yawa dai ba su je ko'ina ba. Dimajo, wanda aka haifa a gidan, Hausa ce harshensa, Musulmi ne, kabarin uwarsa na bayan rinjin, ina za shi? Irin waɗannan a hankali suka rikiɗe suka zama talakawan masu ƙasar. Aikin gandu ya ragu ya koma 'yan dammunan hatsi da ake kaiwa da kaka, da gaisuwar salla, da hidima ranar biki ko suna. Dokar ƙasa ta 1910 ta ce duk ƙasar Arewa tana hannun gwamna a madadin jama'a, amma a ƙauye wanda ya saba raba gona shi ya ci gaba da rabawa. Abin da ya ceci mutane a Zazzau shi ne daji. Ƙasa na da yawa, mutane kaɗan, da tsaro ya samu kuma aka sassauta, mai ƙarfin jiki sai ya matsa gaba ya yi saran sabuwar gona, ya kafa bukka, ya biya harajinsa da sunansa. In aka yi jika, ba mai tambaya.

Ina yaro a cikin birni akwai wata tsohuwa da ke zuwa gidan maƙwabtanmu duk ranar sha'ani. Ita ke tsayawa a kan manyan tukwane, ita ke raba nama, ta zagi maigidan a gaban 'ya'yansa ya yi dariya, amaren gidan kuwa tsoronta suke ji fiye da uwar miji. Da salla turmin atamfarta ba ya fashi. Sai da na girma na san iyayenta bayin kakan gidan ne, kuma ita ta goyi maigidan. Wasu in sun ba da irin wannan labari sai su ce ka ga ai bautarmu mai sauƙi ce. Ni ban yarda ba. Zumuncin gaskiya ne, na gan shi da idona, amma ran da aka raba gadon gidan da gonakin da iyayenta suka nome, ko taki ɗaya bai bi ta kanta ba.

Mata su suka fi shan wuya, kuma su aka fi mantawa. A rajistar kotunan alƙalai mata sun fi maza yawa cikin waɗanda aka fansa, amma sau da yawa ba su suka fanshi kansu ba. Wani namiji ne zai biya ubangidanta don ya aure ta ko ya sa ta a ɗaka, kuɗi ya fita daga hannun namiji ya shiga hannun namiji, ita kuma ta tashi daga wannan gida ta koma wancan, a rubuta an 'yanta ta. Ƙwarƙwarori kuwa Turawa suka ce wannan sha'anin aure ne, suka kau da kai. Mace mai 'ya'ya ba ta iya gudu yadda namiji ke yi, kuma yaran da doka ta ce 'ya'ya ne ba su da takardar haihuwa, a gidan ubangida suka tashi da sunan riƙo, suna yin aikin da iyayensu suka yi. Wani abu da zai ba ka mamaki: a da, macen da ake gani a gona ko ta ɗauko itace daga daji galibi baiwa ce. Saboda haka matan da suka sami 'yanci, abin da da yawansu suka fara yi shi ne ajiye fartanya su shige gida, su kama kaɗi da ƙuli-ƙuli da fura. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Zazzau a 1949 zuwa 1950, ya lura cewa wannan na cikin abin da ya yaɗa kulle a tsakanin talakawan karkara.

Yaran da aka ƙwato daga hannun fatake ba a san garinsu ba, gwamnati ta tara su a gidan 'yantattun bayi na Zungeru, ana koya musu wanki da ɗinki da girki, da yawa suka ƙare a aikin gidajen Turawa. A 1909 aka rufe gidan aka miƙa yaran ga 'yan mishan a Rumasha. Bayin sarki kuwa labarinsu dabam ne, don mai doki da alkyabba da ƙauyuka a ƙarƙashinsa ba ya neman fansa. A Kano, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sun ci gaba da juya fada har tsakiyar shekarun 1920. Shi ya sa in an ce “bawa” sai ka tambaya wanne, na fada ko na gandu.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na ji a rediyo baƙaƙen fatar Amurka na neman a biya su diyyar bauta. Ni dai na ga an 'yanta kakanninsu sama da shekara 150, ƙasar kuma ga arziki. Anya ba neman na banza ba ne?
Daga wata malamar firamare, Tudun Wada.

AMSA: Malama, barka kadai. Ko za a biya ko ba za a biya ba, wannan siyasarsu ce, amma kafin ki ce na banza bari ki ji yadda aka sallame su. Shugaba Lincoln ya yi shelar 'yanci ran 1 ga Janairu 1863 ana tsakiyar yaƙin basasa, gyaran tsarin mulki na 13 ya kammala soke bautar a Disamba 1865. Mutum wajen miliyan 4 ne. Su ma abin da suka fara nema gona ce. A Janairu 1865 Janar Sherman ya ware ƙasa a gaɓar tekun Karolina ta Kudu da Jojiya da Fulorida, kowane iyali har eka 40, mutane wajen 40,000 suka zauna suka yi shuka. Aka kashe Lincoln a watan Afrilu, wanda ya gaje shi, Andrew Johnson, ya sa aka mayar wa tsofaffin masu bayi mafi yawan ƙasar kafin shekara ta zagayo.

Daga nan jihohin kudu suka kafa dokoki na musamman don baƙar fata. A Misisifi, dokar 1865 ta ce kowane baƙi ya nuna takardar cewa yana da uban aiki a farkon kowace shekara, in babu a kama shi da laifin zaman banza, a ci shi tara, in ya kasa biya a ba da shi haya ga wanda ya biya. Ki lura da wannan laifi na zaman banza, shi ne dai wanda Lugga ya ɗauko mana bayan shekara 40. Gyaran tsarin mulkin kansa ya bar kafa, ya ce an hana aikin tilas sai ga wanda aka yanke wa hukunci. Ta wannan kafa jihohi suka riƙa ba kamfanonin haƙar kwal da na hanyar dogo hayar fursunoni, mafi yawansu baƙaƙe, Alabama ba ta daina ba sai 1928.

Abin da ya ci mafi yawansu shi ne noman raba amfani. Mai ƙasa zai ba ka fili da bukka da alfadari da iri, a kan in an tsinci auduga ku raba biyu. Kafin kaka kuwa me iyali za su ci? Sai a buɗe maka shafi a kanti, sau da yawa na mai ƙasar ne, ka riƙa karɓar garin masara da nama da yadi bashi, da farashin da ya fi na mai kuɗi hannu, ga ruwa a kai. Kaka ta yi, shi ke da ma'auni, shi ke kai audugar kasuwa, shi ke riƙe da littafin. Kai kuma ba ka iya karatu ba, don a zamanin bauta jihohin kudu da yawa sun haramta koya wa bawa karatu. Zai buɗe littafi ya ce rabonka kaza, bashinka kaza, saura kaza ake binka. In ka yi gardama ranka na cikin haɗari, in ka tashi da bashi a kanka ɗan sanda ya dawo da kai. Shekara ta zagayo a sake, kamar mai ɗibar ruwa da kwando. Waɗanda suka yi ta maza suka tara ɗan abin da suka tara, da yawansu a bankin da aka kafa don 'yantattun bayi suka ajiye, bankin ya rushe a 1874.

Ba zama suka yi suna kuka ba. Sun yi ta cigiya a jaridu suna neman uwa ko ɗa ko mata da aka sayar zuwa wata jiha, sun ɗaura aurensu a gaban hukuma, sun gina majami'u da makarantu, tsoho da jika a benci ɗaya. Jami'ar Fisk ta faro a 1866, ta Howard a 1867. Matansu da yawa sun janye daga gonakin auduga don su kula da gidajensu, abin da matan rinjin Zazzau suka yi daga baya ba tare da wannan ta san labarin waccan ba. Amma da gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kudu a 1877, sai aka bi da dabaru aka ƙwace musu ƙuri'a, aka raba makaranta da jirgi da asibiti, abin bai kau a doka ba sai a 1964 da 1965. Mutum wajen miliyan 6 suka yi ƙaura daga kudu zuwa biranen arewa da yamma tsakanin shekarun 1910 da 1970. Akwai waɗanda aka hana shiga makarantar farar fata suna yara da ke raye yau.

Diyya kuwa an taɓa biya, sai dai ba bayin aka ba. Da Ingila ta soke bauta a yankunanta da dokar 1833, fam miliyan 20 ta ware wa masu bayin, su kuma mutanen da aka 'yanta, wajen 800,000, aka ce manyansu su ci gaba da yi wa iyayengijinsu aiki kyauta mafi yawan mako da sunan koyon sana'a, har 1838. Haiti da ta ƙwaci kanta da yaƙi, Faransa ta ɗora mata biyan faran miliyan 150 a 1825. Burazil ta saki nata a 1888 ba gona ba jari. Bambancinmu da Amurka biyu ne a ganina. Mu muna da dajin da mutum zai matsa ya sara, can kuwa kusan kowace eka mai kyau a kudu da mai ita. Sannan jikan bawa a nan in ya bar garinsu ya saje, can kuwa fatarsa na biye da shi duk inda ya sauka.

TAMBAYA: Baba, ina cikin damuwa. Mahaifina ya rasu, baffana ne waliyyina. Wanda ke nemana malamin asibiti ne, mai addini, unguwa ta shaide shi. An kai ga maganar sa rana sai baffa ya ce ya bincika ya ji kakan kakansa bawa ne, ba zai haɗa jini da marar asali ba. Mahaifiyata ta yi shiru. Yaya zan yi?
Daga wata 'yarka, cikin birni.

AMSA: 'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinki, ya kuma sanyaya miki. Na haɗa wasiƙarki da na sama ne don ki ga inda maganar baffanki ta samo tushe. Wanda ake kira bawa ɗa ne da aka kama, ranar da aka kama shi yana da uba da gari da suna. Yaƙi bai zaɓi gida ba, har malamai da 'ya'yan sarauta an ɗaure. Cikin abubuwan da suka hura wutar jihadin Shehu Usmanu akwai kama Musulmin Gimbana da mayaƙan Gobir suka yi. Ta ɗaya gefen kuma, sarakuna nawa ne a ƙasar Hausa iyayensu mata ƙwarƙwarori ne, aka naɗa su aka yi musu mubaya'a ba wanda ya ce uffan? In za a bi salsalar kowane gida a birnin nan ta wajen uwa da uba har kaka na huɗu, masu wannan magana da yawa za su yi shiru.

Ta fuskar addini, baffanki ba shi da madafa a mazhabar da yake bi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya ba Faɗimatu 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, shawarar ta auri Usamatu ɗan Zaidu, wanda ubansa 'yantacce ne. Abu Huzaifa ya aurar wa Salim, 'yantacce, 'yar ɗan'uwansa. A Muhtasar na Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan birnin nan, an ce dacewar miji da mata a addini take da kuɓuta daga aibin da ake mayar da aure saboda shi, aka kuma faɗa ƙarara cewa 'yantacce tsaran aure ne. Wannan fa wanda shi kansa aka 'yanta ke nan, balle wanda aka haifi kakansa bayan doka ta riga ta ce kowa ɗa ne.

Amma kada ki ɗauki wannan shafi ki kai masa. Dattijo ba ya son 'yar ɗan'uwansa ta kayar da shi, in kika yi haka zai ƙara kafewa ko da ya gane. Ki samu mahaifiyarki ku biyu, shirunta ba lallai yarda ba ne, wataƙila nauyin dangin miji take ji. Ku nemi wanda baffa ke jin kunyarsa, limamin unguwa ko malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa ko wata gwaggo da ta girme shi, a same shi a keɓe ba a gaban jama'a ba, a bar masa hanyar da zai sauko da kansa ya ce ya sake bincike. Shi ma yaron ya turo manyansa su sake zuwa gaisuwa, kada zuciya ta ɗebe su. In duk an yi haka ya ƙi, shari'a ta san waliyyin da ke hana aure ba da hujja ba, kuma alƙali na da ikon ya umarce shi ko ya ɗaura da kansa, sai dai wannan ita ce ƙofar ƙarshe, don za ki so baffanki a wurin sunan 'ya'yanki. Binciken da zan ce ku matsa a kai shi ne na halinsa a wurin aiki, da yadda yake riƙe mahaifiyarsa, da gwajin jini na sikila da sauran cututtuka kafin a sa rana. Ki sake rubuto mini bayan an ga limamin.